Yadda Ake Ƙaura da Iyali Zuwa Madrid: Daga Haɗa Takardu a Gida Har Yara Su Shiga Aji

Madrid, babban birnin Sifaniya, yana da mutane fiye da miliyan 3, kuma idan aka haɗa da garuruwan da ke kewaye da shi adadin ya doshi miliyan 7. Gwauro zai iya sauka can da jaka ɗaya ya raɓa a ɗakin aboki har ya samu gindin zama. Mai mata da 'ya'ya ba shi da wannan damar. A Sifaniya kowace takarda ita ke buɗe ƙofar ta gaba: ba kwantiragin haya, ba rajistar zama; ba rajistar zama, katin asibiti da gurbin makaranta sun zama wahala. Don haka jeranta matakan ya fi gaggawa muhimmanci, kuma rabin aikin a gida ake gama shi tun kafin a sayi tikiti.

Da farko, ku san ƙofar da za ku shiga ta cikinta

Bizar yawon buɗe ido ta kwana 90 ba ta ƙaura ba ce. Wanda ya shiga da ita ya zarce wa'adi ya jefa matarsa da 'ya'yansa cikin shekarun zama ba izini. Abin da ake nema shi ne bizar dogon zama, kuma hanyoyinta ba su da yawa.

Wadda ta fi sauƙi ga mai iyali ita ce ta ƙwararren ma'aikaci ko mai bincike, ƙarƙashin dokar 14/2013. Kamfani ko jami'ar da ta ɗauke ka ita ke shigar da buƙata a Sifaniya, ana neman wa mata da yara izini tare da naka, kuma uwargida na da damar yin aiki. A ƙarshen 2022 an ƙara bizar masu yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet, wadda ke buƙatar kuɗin shiga da ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasar sau biyu, da ƙari a kan kowane mutum da ka ɗauko. Mafi ƙarancin albashin a 2025 yuro 1,184 ne a wata, ana biyan sa sau 14 a shekara.

Akwai bizar zama ba tare da aiki ba, ta masu abin hannu. Ana lissafinta da wani ma'aunin gwamnati mai suna IPREM, wanda yake yuro 600 a wata a 2025. Maigida zai nuna ninki huɗu, wato 2,400, sannan 600 a kan kowane ɗan gida. Miji da mata da yara uku ke nan yuro 4,800 a wata, 57,600 a shekara, kuma ba a yarda ka yi aiki a can ba. Ɗalibin babbar makaranta shi ma yana iya tafiya da iyali, zai iya aiki har awa 30 a mako, amma matarsa ba za ta samu izinin aiki ta wannan hanyar ba.

Hanyar da mafi yawan mutanenmu ke bi ita ce mutum ɗaya ya riga tafiya da izinin aiki na yau da kullum, ya yi shekara ɗaya, ya nemi sabunta izininsa, sannan ya nemi haɗo iyali, abin da suke kira reagrupación familiar. Za a duba albashinsa: kashi 150 cikin ɗari na IPREM ga mutum biyu, da ƙarin kashi 50 a kan kowane mutum, wato yuro 1,800 a wata ga iyali mai mutum biyar. Za kuma a nemi rahoton hukuma cewa gidan da yake haya ya ishi iyalin. An sabunta ƙa'idojin shige da fice a watan Mayun 2025, saboda haka ku karanta sharuɗɗan daga shafin ofishin jakadanci da kanku, ban da dogaro da labarin wanda ya tafi shekara biyar da suka wuce.

Akwai maganar da ya kamata a yi ta a cikin gida tun yanzu, ba a ranar karɓar biza ba. Dokar Sifaniya ba ta ba da izinin haɗo mata fiye da ɗaya, ko da dokar ƙasarka ta amince da auren. Mai mata biyu ya zauna da su ya faɗi gaskiya, a tsara yadda za a ci gaba da ciyar da wadda za ta zauna, da yadda za a riƙa zuwa mata. 'Ya'yanta da ba su kai shekara 18 ba ana iya neman musu izini, amma sai da shaidar riƙo ko amincewarta a hukumance. Haka ɗan riƙo: yaron ƙaninka da ka raina tun yana goye ɗanka ne a wurinmu, amma a wurinsu sai da hukuncin kotu da ya ɗora maka wakilcinsa. Kada wani ya ba ka shawarar rubuta shi a matsayin ɗan cikinka, domin ana iya neman gwajin jini, kuma ƙarya ɗaya tana iya rusa buƙatar iyalin gaba ɗaya.

Takardu: nan ne za ku fi daɗewa

Ku shimfiɗa fasfo ɗin kowa a kan tabarma tare da takardun haihuwa da na aure, ku duba harafi bayan harafi. Idan fasfo ya ce Muhammad, takardar haihuwar ɗanka ta ce Mohammed, ta aure kuma ta ce Muh'd, ma'aikacin da ke Madrid mutum uku yake gani. Haka ranar haihuwa. Ku gyara wannan a gida, inda kuka san ofisoshin kuma kuke jin harshen. A Najeriya takardar haihuwar da ake so ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ba katin asibiti ba. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida bisa shaidu yana buƙatar takardar hukuma. Ku tambayi ofishin jakadancin irin wadda yake karɓa kafin ku kashe kuɗi.

Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta hatimi guda, don haka kowace takarda sai ta bi layi: Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tantance ta, ofishin jakadancin Sifaniya ya buga nasa hatimin, sannan mai fassara mai rantsuwa, wanda gwamnatin Sifaniya ta amince da shi, ya mayar da ita Sifaniyanci. Fassarar wani malamin harshe, komai iyawarsa, ba ta shiga. Takardun karatu sukan fara bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Sifaniya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, tana kuma da ofisoshi a Yamai da Accra.

Takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi, ta ƙasashen da ka zauna cikin shekara biyar, da takardar likita, su za ku nema a ƙarshe, domin wa'adinsu 'yan watanni ne. Wanda ya fara da su yakan tarar sun mutu kafin sauran su kammala.

Sai waɗanda ba a nema wajen biza amma za ku gode wa Allah da kuka ɗauko su: katin rigakafin kowane yaro, sakamakon jarrabawar makarantarsa na shekarar ƙarshe, da rahoton likita ga mai cuta mai daɗewa, musamman sikila, asma ko ciwon suga, tare da sunan maganin na asali ba sunan kamfani ba. Ku ɗauki hoton komai ku ajiye a imel ɗin miji da na mata. Takardun asali kuma a jakar hannu suke tafiya, ba a akwatin da za a auna ba.

Lokacin tafiya da abin da ake ɗauka

Makarantu na buɗewa a Satumba, su rufe a Yuni. Idan kuna da zaɓi, ku sauka a Yuli, ku samu sararin neman gida da rajista kafin a koma aji. Ku sani dai cewa a Agusta gari yakan yi tsit, ma'aikata da yawa suna hutu, komai yana tafiyar hawainiya. Sauka a Janairu da ƙananan yara ba shi da daɗi: Madrid tana kan tudu, sanyin dare yana kaiwa digiri sifili, ya wuce duk hunturun da aka sani a Kano ko Damagaram. Bazara kuwa tana taɓa digiri 40 da busasshiyar iska, wannan kam mun saba.

Kada ku ɗauki kilishi, dambun nama, man shanu ko madarar gari da aka ƙulla a leda. Tarayyar Turai ta hana matafiya shigo da nama da kayan nono daga wajenta, za a ƙwace, ana kuma iya cin tara. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji ku ɗaure su da kyau a rubuta sunansu. Kuɗi a hannu da ya kai yuro 10,000 dole a bayyana shi ga kwastan. Kayan sanyi masu nauyi ku bari sai kun isa, na can sun fi dacewa da yanayin. Rigar sanyi ɗaya ga kowa ta isa hanya.

Ku tanadi kuɗin zaman wata uku zuwa huɗu ba tare da lissafin albashin farko ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma watan farko shi ne mafi tsada.

Gida: matakin da ya fi kowanne wuya

Ku kama masaukin wucin gadi na 'yan makonni tun daga gida, amma kada ku biya kuɗin hayar shekara a kan gidan da ba ku taka cikinsa ba. Damfarar da ta fi yawa ita ce hoton gida mai kyau da araha, mai shi "yana ƙasar waje", yana so a tura kuɗi ya aiko da makulli. Ana neman gida a shafukan Idealista da Fotocasa, kuma mai kyau ba ya kwana biyu. Ku shirya fayil ɗaya: fasfo, biza, kwantiragin aiki, takardun albashi idan akwai, bayanan banki. Masu gida suna son ganin albashi tsayayye, kuma baƙo mai yara yakan sha "an riga an bayar" kafin ya dace. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci launin fata ne da suna. Ku ci gaba da nema, ku nemi kamfanin da ya ɗauke ku ya rubuta wasiƙar tsayawa, idan da hali abokin aiki mai jin harshen ya yi muku kiran farko.

Ga abin da doka ta ce, don kada a cuce ku. Kuɗin ajiya na dole, fianza, na wata ɗaya ne, kuma ƙarin lamunin da mai gida zai nema bai wuce na wata biyu ba. Tun dokar gidaje ta 2023, mai gida ne ke biyan ladan kamfanin dillanci a hayar zama, ba ɗan haya ba. Kuna da damar zama har shekara biyar idan mai gidan mutum ne, bakwai idan kamfani ne. Ku lura da kwantiragin da aka rubuta "de temporada", na ɗan lokaci ne, ba ya ɗauke da wannan kariyar. Ku tambaya kuma yadda ake ɗumama gidan, na bene gaba ɗaya ne ko kowa da tukunyar gas ɗinsa, domin kuɗin ɗumama a hunturu ba ƙarami ba ne.

Tsakiyar birni ba ta mai iyali mai matsakaicin albashi ba ce. Kuɗin hayar gida mai ɗaki uku a can ya haura mafi ƙarancin albashin ƙasar nesa ba kusa ba. Unguwar Lavapiés da ke tsakiyar tana da shagunan 'yan Afirka da mahautan halal, wurin cefane ne mai kyau, amma gidajenta ƙanana ne kuma tsofaffi. Ku duba unguwannin Carabanchel, Villaverde, Usera da Puente de Vallecas, ko ku fita garuruwan kudu irin su Getafe, Leganés, Fuenlabrada, Móstoles da Parla, ko gabas wajen Torrejón de Ardoz da Alcalá de Henares. Jirgin ƙasa na Cercanías yana haɗa su da tsakiyar birni. A ganina gida mai nisa kusa da tasha da makaranta ya fi ɗaki ɗaya a tsakiya da za a cusa mutum biyar.

Makon da kuka samu makulli

Ranar da kuka sa hannu a kwantiragi, ku nemi ranar ganawa don rajistar zama a ƙaramar hukuma, empadronamiento. A cikin birnin Madrid ana yin ta a ofisoshin Línea Madrid, ana kama layi ta intanet ko ta lambar 010; a garuruwan kewaye kuma a ofishin ƙaramar hukumar garin. Kyauta ce. Ku je da kwantiragi, fasfo ɗin kowa da takardun haihuwar yara, a rubuta kowa har jariri. Ku karɓi kwafi da yawa na shaidar. Kada ku sayi rajista a adireshin da ba ku zaune a ciki, laifi ne, kuma makarantar yara da asibitinku da adireshin ake ɗaura su.

Sai katin zama na baƙo, TIE, wanda ke ɗauke da lambar shaidar baƙo, NIE, da za ta bi mutum a banki, wurin aiki da ofishin haraji. Ana neman sa cikin wata ɗaya da shigowa, a ofishin 'yan sanda, inda ake ɗaukar zanen yatsu. Kowa da nasa layin, kowa da fom EX-17, hoto, da shaidar biyan kuɗin fom 790 mai lamba 012. Samun ranar ganawa a Madrid yana da wahala, shi ya sa wasu ke sayar da ita. Ku fara nema tun ranar da kuka sauka, ku riƙa dubawa safe da yamma, ku ajiye hoton shafin duk lokacin da ya ce babu gurbi, ya zama shaida cewa kun nema a kan lokaci.

Ma'aikaci yana samun lambar Seguridad Social, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, ya rubuta mata da yara a ƙarƙashinsa, sannan a kai wannan da shaidar rajistar zama cibiyar lafiya ta unguwa, centro de salud, a karɓi katin asibiti. Za a ba manya likitan iyali, yara kuma likitan yara har shekara 14. A nan za ku miƙa katin rigakafi a cike abin da ya rage. Ɗalibai da masu bizar zama ba aiki inshorar lafiya ta kuɗi suke amfani da ita. Lambar gaggawa 112 ce, ku koya wa yaran da suka yi wayo.

Makaranta

Karatu wajibi ne daga shekara 6 zuwa 16, kuma daga shekara 3 akwai ajin yara kyauta a makarantun gwamnati. Makarantu iri uku ne: na gwamnati, na masu zaman kansu da gwamnati ke tallafa wa, concertado, waɗanda da yawansu na cocin Katolika ne, sai na kuɗi zalla. Ana karɓar buƙatu wajen Maris da Afrilu. Wanda ya zo bayan haka ya je ofishin SAE na yankinsa, su ne ke nema wa yaro gurbi a kowane lokaci na shekara. Galibi da shekarar haihuwa ake sa yaro aji, ba da ajin da ya baro ba.

Ku yi tambaya a kan aula de enlace, ajin da gwamnatin yankin Madrid ta tanada don yaran da suka zo ba su jin Sifaniyanci, inda suke 'yan watanni kafin su shiga cikin sauran. Ba kowace makaranta ke da shi ba. Ɗan shekara biyar ba ya buƙatarsa, cikin zango biyu zai fara yi muku tafinta. Wanda za ku sa wa ido shi ne ɗan shekara 13 ko 14, wanda ya baro abokansa, aka ajiye shi gaban darasin kimiyya cikin harshen da bai sani ba. Shi ya fi buƙatar ƙarin darasi da kuma wanda zai saurare shi da dare. Makarantun gwamnati da yawa a Madrid suna koyar da wasu darussa da Turanci, wannan yana rage wa yaran Najeriya da Gana nauyi.

Abincin rana a makaranta na kuɗi ne, akwai tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi, akwai kuma shirin aron littattafai mai suna Accede. Naman alade yana cikin abincin ƙasar ƙwarai, har cikin miya da wake. Ku rubuta wa makaranta tun ranar farko cewa yaranku ba sa ci. Yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnati da Hukumar Musulunci ta Sifaniya ta tanadi a yi ƙoƙarin daidaita abincin ɗalibai Musulmi, amma abinci marar alade ba lallai ya zama yankan halal ba, ku tambaya a fili. Abu ɗaya kuma da dole iyaye su sani: tun 2007 aka cire wa iyaye damar dukan horo daga dokar ƙasar. Malamin da ya ga shatin bulala a jikin yaro wajibinsa ne ya kai rahoto.

Harshe, sallah da zirga-zirga

Turanci ba ya kai mutum nisa a ofisoshin Madrid. Uwargida, wannan maganar taki ce musamman: maigida zai koyi harshen a wurin aiki, yara a makaranta, ke ce za a bari a gida tsakanin bango huɗu idan ba a tsara ba. Cibiyoyin karatun manya, CEPA, da cibiyoyin baƙi na CEPI suna koyar da Sifaniyanci kyauta, akwai kuma makarantar harsuna ta gwamnati, Escuela Oficial de Idiomas, mai rahusa. Ki yi rajista a watan da yara suka fara zuwa aji, ki zaɓi darasin safe. Ranar da za ki kai yaro asibiti ke kaɗai tana nan zuwa. Mutanen Nijar da Kamaru masu Faransanci sukan kama shi da wuri. A gida kuma ku riƙe Hausa da gangan, domin cikin shekara biyu yara za su fara amsa muku da Sifaniyanci.

Manyan masallatai biyu ne: Cibiyar Musulunci da ke gefen titin M-30, wadda aka buɗe a 1992, da masallacin Abubakar a unguwar Tetuán. Ƙananan masallatai suna nan a unguwannin kudu, a nan ake samun karatun allo na ƙarshen mako. Juma'a ranar aiki ce. Yarjejeniyar 1992 ta ba ma'aikaci damar neman fita daga ƙarfe 1:30 zuwa 4:30, amma sai da amincewar wanda ya ɗauke shi aiki kuma a rama awannin, don haka ka yi maganar tun lokacin sa hannu.

Ba ku buƙatar mota a shekarar farko. Katin wata-wata ɗaya yana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, bas da Cercanías, 'yan ƙasa da shekara 26 suna da nasu mai rahusa, ƙananan yara kuma kyauta suke hawa. Lasisin tuƙi na Najeriya wata shida kawai yake aiki bayan samun izinin zama, kuma ba a musanya shi da na Sifaniya, sai an sake jarrabawa ta rubutu da ta tuƙi.

Ku rubuta ranar ƙarewar katin zaman kowa a jikin kalanda, domin ana buɗe neman sabuntawa kwana 60 kafin ya ƙare, kuma za a nemi shaidar cewa yaran da suka isa karatu suna zuwa makaranta. Fasfo ɗin yara ma ku duba shi, sabunta shi a ofishin jakadancin Najeriya da ke Madrid yana ɗaukar lokaci kuma sai da lambar NIN. Idan hutun farko na zuwa gida ya ƙarato, ku ga likita makonni kafin tafiya a ba kowa maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, musamman yaran da aka haifa a can, waɗanda jikinsu bai taɓa haɗuwa da shi ba.